Ɗaya ga Janairu: Yadda Agogo Ya Iske Mu a Wudil

Shekara biyu da suka wuce, wata ƙungiyar manoman rani da ke bakin kogin Wudil ta ba ni aikin rubuta mata manhajar rajistar 'ya'yanta. Aiki ne mai sauƙi: suna, unguwa, girman fadama, lambar waya, sai ranar haihuwa. Da aka gama shigar da sunayen, na jera su bisa ranar haihuwa don in gwada ko komai na tafiya daidai. Abin da na gani ya sa na ɗauka manhajar ce ta sami tangarɗa. Shafi bayan shafi, dattawan ƙungiyar duk rana ɗaya aka haife su: 1 ga Janairu. Na raba dare ina bin layukan da na rubuta ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba. Abin da ke jikin katin shaidarsu ke nan. Duk wanda ya je rajista bai iya faɗin ranarsa da lissafin boko ba, sai mai cike fom ya dube shi, ya kintaci shekara, ya ba shi ranar farkonta.

Washegari na shiga wurin kakata, na ce ta ara mini katinta. Ita ma haka: 1 ga Janairu, 1950.

Na ce, "Hajiya, ashe ba ki san ranar da aka haife ki ba?"

Ta ce, "Kai maigida, sadakin za a sake lissafawa ne? Wa ya ce ban sani ba? Ba a dai tambaye ni ba. Inna ta ce da azumi ne, a goman ƙarshe, daren Juma'a bayan an sha ruwa. Ana tsakiyar marka, har katangar gidanmu ta zube. Shekarar da sojojin Bama ke ta dawowa gida."

Na yi dariya na fita, don a kaina wannan ba amsa ba ce, tunda babu gurbin da zan zuba ta. Sai daga baya na gane cewa ta ba ni bayani guda biyar, katin kuma bai ba ni ko ɗaya na gaskiya ba. Wannan ne ya sa na koma bin diddigin yadda mutanen ƙasar nan suke lissafa lokaci kafin agogo, da yadda agogon ya zo ya same su.

Inuwa, wata da taurari

Bahaushe bai taɓa rasa sunan da zai kira sassan yini ba. Akwai asuba, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, tsakar dare. Kowanne da alamarsa a ido ko a jiki. Hantsi shi ne lokacin da rana ta ɗaga har ta fara ɗumama fata, almuru kuwa lokacin da fuskar mai tahowa ta fara wuyar ganewa. Kwanaki ma haka: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta. Harsuna da yawa ba su da kalma guda ta rana ta huɗu bayan yau, mu muna da ita.

Musulunci ya zo ya ƙara wa wannan lissafi ƙa'ida. Kalmomin lokaci, zamani, sa'a da daƙiƙa duk daga Larabci suke, haka ma sunayen ranakun mako tun daga Lahadi har Asabar. Salla biyar ta raba yini gida biyar, kuma ladani ba agogo yake dubawa ba. Almajirin da ya karanta Risala ya san azahar na shiga idan rana ta goce daga tsakiya inuwa ta fara ƙaruwa, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar tsakar rana. Mutum kan tsaya a fili ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, a kan cewa tsayin mutum kusan tafi bakwai ne na ƙafarsa. Aikin na bukatar lura, domin inuwar tsakar rana ba ta tsayawa wuri ɗaya. A Wudil, wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta rana kan bi daidai saman kai, inuwa ta kusa ɓacewa, da hunturu kuwa ta miƙe ta yi arewa.

Wata na salla da azumi ne, amma ba ya yi wa manomi amfani, saboda shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11. Don haka malaman hisabi suka riƙe wani lissafin na daban, na taurari 28 irin su Suraya, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha. Kowanne kwana 13 yake yi, guda ɗaya ya yi 14, jimla 365. Da wannan ake sanin shigowar bazara, damina, kaka da ɗari. Ilimin bai tsaya a ƙauye ba. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a can kan lissafi da sanin taurari, kuma a gidan Hasan al-Jabarti ya sauka, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Har a sunaye aka ajiye lokaci. Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe, kowa na yawo da ranarsa a goshi. Azumi da Sallau sun ɗauko wata, Marka, Anaruwa da Nomau sun ɗauko yanayi. Takardar haihuwa ce da ba ta ɓata, ba ta jiƙewa.

Shekaru masu suna

Inda lissafin da ya bambanta ƙwarai da na yau shi ne shekara. Malamai sun san ƙidayar Hijira, da ita muka san Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1218, wato 1804, ya rasu a 1232, wato 1817. Amma talaka ba da lamba yake kiran shekara ba, da abin da ya faru a cikinta yake kiranta. Ko tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, tsawon mulki yake bayarwa: wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. Ya ce Muhammadu Rumfa ya yi shekara 37. Lambobin nan da muka haddace a makaranta, Bagauda 999, Rumfa 1463 zuwa 1499, Bature H. R. Palmer ne ya fitar da su lokacin da ya buga fassarar littafin a 1908, ta hanyar haɗa shekarun mulkin yana komawa baya. A sana'armu wannan sananne ne: in ka san tazarar da ke tsakanin abubuwa, kana bukatar turke guda ɗaya kawai ka ɗaure sauran.

Turakun talaka yawanci na wahala ne. Yunwar 1913 zuwa 1914 sunanta Kakalaba, ta 1927 'Yar Buhu. Bayansu aka sami zuwan Sarauniyar Ingila Kano a 1956, canjin hannu a 1972 da motoci suka koma dama, canjin kuɗi a 1973 da naira ta maye gurbin fam, Udoji, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988. Tsoho zai ce maka ya yi aure damina biyu bayan canjin kuɗi, kuma ya fi wanda ya ce "wajen 1975" tabbacin abin da yake faɗa, domin shi ya ga abin da idonsa.

Tafiya ma da kwana ake auna ta. Fataken goro da ke zuwa Gwanja sukan tashi bayan damina su yi watanni a hanya, zango bayan zango. Alhazan ƙafa sukan yi shekaru kafin su dawo, wasu su zauna a Sudan. A irin wannan rayuwa, ba abin da minti zai yi wa mutum.

Zuwan ƙarfe

Kalmomin da muke faɗin awa da su sun tona asirin inda abin ya fito. Agogo kalmar Yarbanci ce mai nufin ƙararrawa, ta biyo hanyar kudu. "Ƙarfe biyu" kuwa bugu biyu ne a jikin ƙarfe, irin wanda ake ratayewa a bariki ko makaranta ana dokawa. Awa da minti daga Ingilishi suke.

Turawa sun ci Kano a 3 ga Fabrairun 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, a 1911 kuma layin dogo ya iso Kano. Jirgin ƙasa shi ne babban malamin agogo a ko'ina, har a Ingila. Kafin shi kowane gari a can da nasa tsakar ranar. Birnin Biristol na bayan Landan da kusan minti goma, kuma har yau akwai agogo a tsohuwar kasuwarsa mai hannun minti biyu, ɗaya na gari, ɗaya na Landan. Jirage biyu a kan layi ɗaya ba za su iya bin rana biyu ba, don haka kamfanonin jirgi suka tilasta lokaci guda, doka ta tabbatar da shi a 1880. A 1884 ƙasashe 25 suka taru a Washinton suka amince a riƙa fara auna duniya daga Girinic da ke Landan.

Tarihin namu agogon yana nan a ajiye cikin wani rumbun bayanai da kusan kowace waya da kwamfuta ke amfani da shi, ƙarƙashin suna Africa/Lagos. Layi biyar ne kawai. Legas ta bi ranarta, wadda ke gaban Girinic da minti 13 da daƙiƙa 35, har 1905. Ta koma agogon Girinic, ta sake komowa nata a 1908. Ranar 1 ga Janairun 1914, ranar da aka haɗe Arewa da Kudu, aka sa rabin awa. Ranar 1 ga Satumbar 1919 aka mayar da shi awa guda, kuma a kansa muke har yau. Babu Kano a rumbun, Yamai ma an jingina ta ne da Legas.

Ga abin da wannan ke nufi a ƙasa. Duniya na juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka awa guda gaban Girinic lokacin digiri 15 ne a gabas. Wannan layin bai ratsa Najeriya ba sam, ta wajen Injamena ya bi. Wudil tana kusa da digiri 9, saboda haka idan agogona ya ce sha biyun rana, a matsakaicin lissafi saura kusan minti 25 rana ta kai tsakiya a kan gadar Wudil. Maiduguri na gabanmu da kusan minti 17, Sakkwato na bayanmu da kusan 14, Legas da fiye da 20. Wannan ne dalilin da ya sa mutumin Maiduguri ke shan ruwa kafin mu, alhali agogonmu ɗaya. Ƙarfe sha biyu yarjejeniya ce tsakanin mutanen da ba sa ganin juna. Magariba kuwa a nan take faɗuwa, a kan ruwan da ke gabanka.

Agogo bai shiga gidaje rana ɗaya ba. Ya fara da ma'aikatan En'e, 'yan doka, kotu, makaranta da masu awon gyaɗa a tasha. Albashi ya koya wa mutane ƙarshen watan Bature. Sai rediyo: sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma daga bakin masu shela mutane suka saba da jin "agogon Najeriya da Nijar". Duk da haka agogo biyu aka ci gaba da riƙewa. Ofis na ƙarfe takwas, ɗaurin aure na bayan Juma'a. Kasuwar Kara ta Wudil har yau ranar Juma'a take ci, kuma dillalin shanu bai taɓa bukatar kalanda ya tuna masa ba. Ko kogin ma an sauya masa lissafi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, cikar ruwa a Wudil ba ta sama kaɗai ba ce. Masunci da mai noman rani sai sun haɗa da sauraron ranar da za a saki ruwa.

Sifilin kwamfuta

A jami'a aka koya mini cewa kwamfuta ba ta san yau ba, ba ta san gobe ba. Daƙiƙoƙi kawai take ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon Girinic, mako biyu kafin a gama yaƙin basasar Najeriya. Wasu injiniyoyi a Amurka ne suka zaɓi ranar saboda ta yi musu daidai. A Nuwambar 2023 ƙidayar ta wuce 1,700,000,000, kuma tsofaffin na'urori za su cika su rikice ranar 19 ga Janairun 2038 idan ba a gyara su ba. Duk wanda aka haifa kafin 1970, a wurin na'ura ƙasa da sifili yake. Wannan ma turke ne, irin na shekarar Kakalaba, sai dai babu wanda ya ji yunwa ko ya yi murna a cikinsa.

Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, wannan ƙidayar ta koma aljihun kowa. Ni kaina shaida ne. Ina Wudil ina yi wa mutanen wasu ƙasashe aiki, fuskar kwamfutata na ɗauke da agogo uku. Rabin hankalina na kan ranar miƙa aiki, rabi na kan kuskuren makon jiya. Manhaja ce ke gaya mini la'asar ta yi. Wata rana ɗana ya tambaye ni ko akwai farin wata a daren, na ɗauko waya zan duba, alhali tsakar gida na bayan ƙofa.

Bambancin da na gani ke nan. Lokacin kakata ba ya karantuwa sai kana wurin. Sai ka fita ka dubi inuwa, ka ji iskar da ke kaɗawa, ka ɗaga kai yammacin 29 ga wata. Yau ana sayar da littattafai da manhajoji masu koya wa mutane yadda za su tattara hankalinsu a kan lokacin da suke ciki. Mutanen da ba su sa wa abin suna ba, domin wanda bai lura da yanzu ba, sallarsa za ta kuɓuce, shukarsa ta ƙone.

Ba na cewa a jefar da agogo. Maganin da likita ya ce a sha duk bayan awa takwas ba ya jiran hantsi. "Bayan la'asar" ta cinye wa masu sana'a yini da yawa suna zaman jiran wanda bai zo ba, kuma "in Allah ya kai mu" ta zama mafakar wanda tun farko bai yi niyyar cika alkawari ba. Amma masu yi mana gorin "lokacin Afirka" su ma ba su lura ba. Mutumin da ya makara taro da awa biyu ba ya ƙara minti ɗaya a kan buɗa-baki, kuma ruwan shuka in ya sauka da dare, asuba a gona za ta same shi. Ya san lokaci sarai, sai dai akwai wanda yake girmamawa da wanda aka ɗora masa. Babban mutumin da ke barin jama'a cikin rana awa uku kafin ya iso taro kuwa, agogon hannunsa ya fi na kowa tsada. Wannan nuna isa ne, kada a jingina wa al'ada.

Komawa ga amsar Hajiya

Na zauna da bayananta biyar na buɗe kwamfuta. Tunda shekarar wata na gaza ta rana da kwana 11, azumi kan zagaye yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. Ya faɗo a tsakiyar damina a 2010 da 2011, kafin nan wajen 1978, kafin nan kuma tsakanin 1944 da 1947. Ke nan 1950 ta fita, domin azumin shekarar a tsakiyar Yuni ya kama, kafin marka. Sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Bama yawancinsu a 1946 aka dawo da su. A shekarar, azumi ya kama wajen 30 ga Yuli, goman ƙarshe ta fara wajen 19 ga Agusta. Juma'a ɗaya ce tak a cikin goman: 23 ga Agusta, ko da ganin wata ya saɓa da kwana guda.

Saura abu ɗaya da ya kusa kayar da ni. A wurinmu dare ne ke gaba, rana na bin sa, don haka daren Juma'a shi ne wanda ke farawa da magaribar Alhamis. Kwamfuta kuwa sai tsakar dare take sauya rana. In dai shekarar 1946 ce, an haifi kakata ranar Alhamis 22 ga Agusta a lissafin boko, daren Juma'a a lissafin mahaifiyarta. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta adana wa 'yarta ranar haihuwa har da sa'arta, katin da aka buga da inji ya kuskure da fiye da shekara uku.

Na koma na gyara manhajar ƙungiyar. Gurbin ranar da ke kan kati na nan, saboda banki da hukuma shi suke nema. A ƙarƙashinsa na ƙara wani babba, inda magatakarda zai rubuta abin da mutum ya faɗa da bakinsa: watan, yanayin, sarkin da ke kan gado, abin da ya faru a shekarar. Magatakardan ya yi ƙorafin cewa rajistar mutum ɗaya ta koma cin rabin awa, don dattawan in suka fara ba sa son tsayawa. Na ce ya yi haƙuri ya rubuta. Waɗanda suka san shekarar canjin hannu da idonsu raguwa suke yi kowace damina, kuma duk wanda ya tafi da nasa lissafin, 1 ga Janairu ce kawai za ta rage a bayansa.

Da na kai wa Hajiya sakamakon, na karanta mata ranar da shekarar, na ce ta girmi katinta da shekara uku da 'yan watanni.

Ta ce, "To, maigida, duk wannan wahalar don ka gaya mini abin da na gaya maka?"

Sai ta leƙa tsakar gida, ta dubi inda inuwar katanga ta kai, ta ce in miƙo mata buta. Na duba waya. Saura minti huɗu a kira la'asar.